Ina so in ɗora wa jitar marigayi yayana Bigsby, amma ina tsoron huda ta

Ɗan Yelwa, Garwa

Salamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san cikin jita, masu buɗe ta su gyara.

Jitar da ke hannuna ta yayana ce, Allah ya jiƙansa. Ibanez ce, AF75, irin mai ƙaton ciki kamar ƙwarya, da tsaga biyu a fuskarta. Ta hannu ya saya a Duwala tun ina yaro, ya shigo jirgin ƙasa da ita har Gaundare, daga nan mota ta kawo su gida. Bai yarda an ɗaure ta a saman mota ba, a cinyarsa ta yi tafiyar. Bana shekara uku da rasuwarsa, kuma tun bayan arba'in ni nake fita da ita duk bikin da aka kira mu.

Akwai wani kiɗa mai sanyi da muke yi in za a fitar da amarya, lokacin da iyaye mata suka fara share hawaye. A nan nake son in danne tsirkiya uku ko huɗu su yi karkarwa tare, kamar muryar goge in mai shi ya ja a hankali. Da yatsa ina iya girgiza guda ɗaya, amma duka a tare ya gagare ni. Shi ya sa na roƙi wani abokina a Duwala ya nemo mini Bigsby, ƙarfen nan mai hannu da ake ɗorawa a gindin jita. Ya samo na hannu a wajen masu gwanjo, an rubuta B70 a kwalinsa, na biya sefa dubu 35 har da kuɗin ajans, wato kamfanin motar da ya kawo shi.

Da na ɗora shi a kan jitar don in gwada, sai na ga ban da harshen da ke lanƙwasowa ta gindi kamar hinjin ƙofa, akwai wasu ramuka biyu da dole kusa ta shiga cikin fuskar jitar kanta. Na aro injin huji wajen maƙwabcinmu kafinta, na riƙe shi ya fi minti goma, na mayar masa ban yi komai ba. In na ɓata ta, babu inda zan samo wata da hannun yayana ya taɓa.

Shin wannan ƙarfen ya dace da irin jitata? In ya dace, yaya ake hudawa katakon bai tsage ba? Kuma gaskiya ne in aka sa shi saiti ba ya ƙara zama?

Baba Mai Rediyo, Domayo, Marwa

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka, ya kai haske kabarinsa. Ɗana, ka kyauta da ka mayar da injin nan. Rediyo na fara gyarawa, daga baya masu kiɗa suka riƙa kawo mini amfilifaya, sannan jitocinsu, kuma irin wannan ƙarfe na ɗora shi da hannuna sau huɗu.

Yau da dare ka kashe fitilar ɗaki, ka haska tocilar wayarka ta tsaga ɗaya, ka leƙa ta ɗayar. Jita mai ciki iri biyu ce. Akwai wadda aka shimfiɗa mata gungumen katako a tsakiya tun daga wuya har gindi, kamar Gibson ES-335 da masu bin tsarinta, gefe da gefe ne kawai fanko. Akwai kuma wadda cikinta wayam, sai 'yan sanduna sirara manne a ƙarƙashin fuska, da ɗan dunƙulen katako a gindi. AF75 tana cikin na biyu, amma leƙa ka gani da idonka.

Ga inda maganar take. B70 ɗin da aka aiko maka yana da wata sanda mai juyawa a gaba, tsirkiyoyi suna bi ta ƙarƙashinta kafin su hau jaki, wato ɗan tudun da ke ɗage su daga fuskar jita. Aikinta ta danne su ƙasa. To tsirkiya shida in an ɗaure su, jansu ya kai nauyin buhun siminti, kuma wani kaso na wannan jan yana ƙoƙarin ɗaga sandar sama dare da rana. Ba abin da ke hana ta tashi sai kusoshin nan biyu. A jita mai gungume suna samun tudun dafawa. A taka 'yan milimita kaɗan za su ciza, bayansu sai iska. Wasu suna zura ɗan katako ta tsaga su manna shi a ƙarƙashi don kusa ta samu abin kamawa. Yana yi, ni ma na taɓa yi wa wani. Amma jitar gado ba zan yi mata haka ba, tunda akwai wanda aka ƙera don irinta.

Wanda ya dace da kai shi ne B6, ko ƙanensa B60. Ba shi da sandar gaba, ba ya neman rami ko ɗaya a fuska. A gindi kawai yake kamawa, daidai inda tsohon ƙarfen wutsiyarka yake, cikin dunƙulen katakon nan, sauran jikinsa ya kwanta a kan 'yan ƙyallaye masu taushi. Jakin irin jitarku dogo ne, saboda haka tsirkiya tana gangarowa daga kansa da kyau, ba ta buƙatar mai danne ta. Lambobin kuma kada su ruɗe ka: B6 da B7 su ne na asali da ake zubawa a Amurka, masu sifili a ƙarshe kuwa da izinin kamfanin ake yin su a Asiya, sun fi araha, tsarin ɗaya ne. B5 na jita ce marar ciki mai shimfiɗaɗɗiyar fuska, B3 kuma gajere ne na masu siririn ciki.

Wanda ya ƙirƙiro shi, Paul Bigsby, maƙerin kayan babur ne a Kalifoniya kafin ya koma kan jita, a farkon shekarun 1950 ya fitar da shi. In ka juya shi a hannunka za ka ga hakan: sanda ɗaya, sifirin ɗaya, hannu ɗaya, ba abin da makanikin moto na bakin kasuwa ba zai gane ba. Tun 2019 sunan yana hannun Fender.

Abu guda ka sani tun yanzu. Ba ya nutsar da sauti can ƙasa irin na masu kiɗan hayaniya, ɗan sassautawa yake yi ya dawo. Karkarwar da ka kwatanta kuwa, ita ce sana'arsa.

Mai Sol, Injamena

Ɗan'uwa, ka ji maganar Baba da kunne biyu, don abin da yake hana ka ni ya riga ya same ni.

Tawa ma mai fankon ciki ce, kuma irin naka mai sandar gaba na samu. Na tsallaka gadar Ngeli na karɓo shi a Kusiri ranar Alhamis, ga wasa ranar Asabar a Mursal, sai na kai wa wani kafinta a unguwarmu. Mutumin ya iya gado da kujera, amma bai taɓa riƙe jita ba, ni kuma gaggawa ta hana ni tsayawa a kansa. Bai yi ƙaramin rami ya share wa kusa hanya ba, murɗa ta ya yi da ƙarfi har ta shige. A ido ya auna tsakiya. Da na ɗaura tsirkiya sai na ga mi ƙarama, wato tsirkiya mafi siranta, ta koma bakin wuya, in na ɗan ja ta sai ta zame ta faɗa gefe. Na ce zan saba.

A watan Disamba aka yi wannan, tsakiyar hunturu. Kafin ƙarshen Maris fentin ya fara tsagewa kewaye da kusa ɗaya kamar ƙasar fadama in ta bushe. Cikin Afrilu, muna tsakiyar kiɗa, na ji ƙas, kusar ta fito da ɗan katakon da ta ciza, duk tsirkiyoyin suka sauka lokaci guda. Na tsaya a gaban mutane ban san abin da zan yi ba. An manne wurin daga baya, amma tabon yana nan, kuma muryarta ba ta dawo yadda take ba.

Akwai kuma abin da Baba bai kai kansa ba tukuna. In ka cire tsohon ƙarfen wutsiya za ka ga wata 'yar waya tsirara ta leƙo daga wani ƙaramin rami a gindi. Kafintan nan ya ɗauka datti ce, ya yanke ta. Ita ce mas. Ita ke haɗa tsirkiyoyi da ƙasan wutar jita. Daga ranar amfilifaya ta riƙa kuka kamar zuma ta shiga ciki, ga wutar janareta da muke kiɗa da ita dama ba tsabta gare ta ba. Sai da aka zaro fikof, abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya, aka zura sabuwar waya da ƙyar. Ka kula da ita kamar ƙwai.

Kawun Kusiri

Ni dai ra'ayina ya bambanta, kuma ku yi haƙuri da ni. Yaro, abin da mamaci ya bari amana ce. Shekara nawa yayanka ya yi yana kaɗa ta a haka, mutane suna rawa, amare suna kuka? Bai rasa komai ba. In karkarwa kake so, tara kuɗi ka sayi wata mai araha wadda ta zo da hannunta daga kamfani, ana shigo da su ta Kano. Wannan ka bar ta yadda ya bar ta. Kuma ka tuna inda muke. A ranar Garwa ta watan huɗu jitar da ba ta da sifirin ma sai an yi ta bin saitinta, balle wadda duk tsirkiyoyinta suka rataya a kan sifirin ɗaya. In ɗaya ta tsinke ana tsakiyar fitar da amarya, sauran biyar ɗin duk sun tashi daga saiti, ba ka da abin yi sai ka tsaya.

Ɗan Yelwa, Garwa

Baba, Allah ya ƙara girma. Na leƙa jiya, wayam take, har takardar kamfani na hango manne a bayanta. Yaya Mai Sol, na gode da ka faɗi abin da ba shi da daɗin faɗa.

Kawu, maganarka ta hana ni barci, kuma ban raina ta ba. Sai dai yayana shi ma bai bar ta yadda ya same ta ba. Da hannunsa ya canza mata kunnuwan ɗaure tsirkiya, ina riƙe masa fitila. Ba zan huda fuskarta ba, wannan na yi alkawari. Amma in akwai hanyar da za a bi ta gindi, inda dama akwai ramuka, har in na ga dama wata rana in mayar mata da tsohon ƙarfenta, zuciyata ta fi kwanciya da haka. Matsalar ita ce kuɗina sun riga sun tafi a B70.

Maman Tagwaye, Gaundare

Ƙanena, wataƙila Allah ne ya haɗa mu. Ni nake riƙe jita a ƙungiyar mawaƙan majami'armu a Baladji. Tawa siririya ce mai gungume a tsakiya, kuma maigidana ya zo mini da B60 daga Yawunde bara. Harshensa ya fi kaurin jitar tsawo, yana leƙowa ta baya, kuma da muka ɗaura tsirkiya biyu don gwaji ba su zauna a kan jaki da ƙarfi ba, ana bugawa suna tsalle daga gurbinsu. Da na karanta bayanin Baba na gane dalili: jakina gajere ne, ni nake buƙatar sandar da ke dannewa. Yana cikin kwalinsa da kusoshinsa cif. In ka yarda mu yi musaya, in ba ajans nawa gobe, kai ma ka ba su naka, kowa ya biya kuɗin aikensa.

Baba Mai Rediyo, Domayo, Marwa

Madalla, 'yata, haka ya kamata, kowanne ya koma gidansa. Ke kuma ki sani in aka cire tsohon ƙarfenki manyan ramuka biyu za su rage a fuska, sai an rufe su, kuma taki wayar mas yawanci a ɗayansu take. Ki yi mini magana in ya iso.

Ɗana, kai kuma saurara. Jakin jitarka ba a manne yake ba, nauyin tsirkiya ne kaɗai ke riƙe da shi, kana kwance su zai faɗi. Kafin ka taɓa komai ka kewaye ƙafafunsa da salatif na takarda irin na masu fenti, gaba da baya da gefe, don ya koma daidai inda yake. In alamar ta ɓace, auna daga ɗan ƙashin da ke saman wuya zuwa ƙarfen gaɓa ta 12, ka ƙara irin wannan tsawon daga nan, jaki a wurin yake. A jitarka kowanne milimita 314 ne, haɗe sun kama milimita 628.

Neman tsakiya shi ne rabin aikin, kuma nan ne kafintan Injamena ya faɗi. Kada ka yarda da tsoffin ramuka, kada ka yarda da ido. Ɗauki zaren ɗinki mai ƙarfi guda biyu, ɗaya a gurbin mi babba, tsirkiya mafi kauri, ɗaya a gurbin mi ƙarama, ka ja su daga kunnuwa, su bi ta kan jaki, su kama 'yan ƙusoshin da ke kan sandar Bigsby. Wani ya riƙe maka ƙarfen, kai ka tsaya ta gindi kana hango wuya. Ka matsa shi dama da hagu har tazarar da ke tsakanin zare da bakin wuya ta zama ɗaya a gefe biyu, kuma zaren ya sauko daga jaki a miƙe ba karkata. Sai ka yi alama da fensir a kan salatif. Ka tafi ka sha shayi, ka dawo ka sake aunawa daga farko. In alamun biyu sun haɗu, to.

Tsoffin ramukan da ba su dace ba ka cike su da tsinken sakace da gam na katako, su kwana. Sabbin kuma da bakin huji da bai kai kaurin kusar ba, ka naɗa masa salatif a iya zurfin da kake so don kada ya zarce. In da hali ka juya shi da hannu, ka bar injin wuta. Ka goga wa kowace kusa kyandir ko busasshen sabulu, ka murɗa ta da hannu, ta tsaya ka tsaya. Fara da guda ɗaya ta tsakiya, ka ɗaura mi biyu na gaske ka duba, sannan sauran. Wayar mas ka kankare bakinta, ka kwantar da ita ƙarƙashin harshen ƙarfen ya danne ta. Maɓallin rataya kuma ka duba ko zai koma ta ramin da ke jikin harshen.

Ɗaura tsirkiya zai ba ka haushi karon farko, don zoben gindinta yana zamewa daga ƙusa. Ka lanƙwasa ƙarshenta a jikin fensir tukuna, ka sa zoben, ka cusa ɗan soso a ƙarƙashi ya riƙe shi har ka ja. Ka sa masu ɗan kauri, lamba 11, sun fi danne jaki. Sifirin ba abin da ke riƙe shi sai matsi, kada ya gangara ƙarƙashin gado. In hannun ya kwanta ƙasa da yawa, 'yar dala ɗaya a cikin gurbin sifirin tana ɗaga shi.

Maganar Kawu a kan saiti gaskiya ce, in tsirkiya ta tsinke sauran za su tashi. Maganinta kada ka fita biki da tsofaffin tsirkiyoyi. Amma yawancin rashin zaman saiti ba daga ƙarfen yake ba, daga inda tsirkiya ke maƙalewa ne, a ƙashin wuya da kan jaki. Ka goga bakin fensir a kowane gurbi. Mai kuwa, ɗigo ɗaya na man keken ɗinki a kowane gefen sanda ya isa, ka goge ragowar, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta mayar da shi taɓo. Sannan ka huda robar sabulu, ka sa jiƙaƙƙen soso da aka matse a ciki, ka ajiye cikin akwatin jitar daga Nuwamba har ruwan farko. Katakon da ya sha iskar Duwala yana jin bushewar arewa a jikinsa.

Ɗan Yelwa, Garwa

Salamu alaikum. Yau kwana 19, na dawo da labari. Kayan Yaya Maman Tagwaye ya iso lafiya, nata ma ta ce ya kai.

Ranar Lahadi muka yi aikin da ƙanwata, ita ta riƙe ƙarfen ina hangen zare. Awon farko da na biyu ba su haɗu ba, sai na uku ya bi na biyu. Rami ɗaya cikin tsoffin ya dace, sauran na cike. Wayar mas tana nan yadda Yaya Mai Sol ya ce, gajeriya ƙwarai, na ɗaure ta da zare tun kafin in cire tsohon ƙarfen don kada ta koma ciki. Fuskar jitar ba ta ga ko tsinin allura ba. Tsohon ƙarfen na naɗe shi a rigar yayana na ajiye a akwatin innarmu.

Asabar da ta wuce muka yi biki kusa da Rumde Ajiya. Da aka zo fitar da amarya na danne tsirkiya huɗu, na taɓa hannun da ɗan yatsana ƙarami kawai. Mai gangarmu, wanda ya yi shekara goma sha wani abu yana kiɗa da yayana, ya sauke sandarsa ya bar ni ni kaɗai har amarya ta shiga mota.

Saura abu biyu. Akwatin ba ya rufuwa sai na juya hannun baya, wannan na gane da kaina. Amma tsirkiyar sol, ta uku daga mi ƙarama, har yanzu in na danna na saki sai ta dawo sama da inda take, kuma ina jin wani ɗan ƙis daga wajen kunnuwa. Na goga fensir sau biyu. Baba, me ya rage?

Baba Mai Rediyo, Domayo, Marwa

Alhamdu lillahi, ka sanyaya mini rai. Ƙis ɗin nan gurbin sol ne a ƙashin wuya ya yi mata kaɗan, tunda ka koma lamba 11. Yanki guntun tsohuwar sol, ka naɗa mata takardar yashi mafi laushi, ka goga gefen gurbin sau uku ko huɗu kana karkatawa wajen kunnuwa. Gefe kawai, kada ka taɓa ƙasansa, in ya zurfafa tsirkiya za ta riƙa zizara. Ka hure, ka sa fensir, ka gwada. In bai daina ba ka shigo mota ka zo Marwa da ita ranar Litinin, ina shago tun bayan sallar asuba.